Shekarar da Na Faɗi Sunan Ɗan Fari

Ku da aka haifa a Maigatari kuna ɗauka mu 'yan gari ne tun asali, domin ba ku taɓa jin an kira mu baƙi ba. To, an kira mu, kuma mun daɗe muna amsawa. A wani ƙauye aka haife ni arewa da nan, ana ce masa Rijiyar Gawo, cikin ƙasar da kuke cewa Faransa. Lokacin da aka haife ni babu wannan rabon. Ƙauyenmu da Maigatari kasuwa ɗaya suke ci, ana auratayya, ana zuwa wa juna jana'iza. Ina yaro Nasara suka zo da raƙuma da wani madubi mai ƙafa uku, suka yi ta leƙe-leƙe, suka kafa ginshiƙi a tsakiyar saurar wani mutum, suka tafi. Aka ce daga nan zuwa arewa na Bafaranshe ne, daga nan zuwa kudu na Ingilishi. Mutane suka yi dariya, mai saurar ya riƙa ɗaure jakinsa a jikin ginshiƙin. Dariyar ba ta daɗe ba. Aka fara zuwa neman masu ɗaukar kaya, da geron dawakin bariki, da kuɗin kai wanda a can suke ce wa lanho. Da aka kwashe wa mahaifina, Malam Idrisu, rumbu ana tsakiyar bazara, sai ya ɗauko ni da Inna muka ƙetaro. Mai unguwa ya ba mu fili a bayan masu kanwa. A nan mahaifina ya rasu, shekarar babbar yunwa.

Ni karatu na sa a gaba. Na sauke Alƙur'ani, na shiga littattafai a wajen wani malami a Gumel, nakan dawo gida ran Laraba da yamma in koma ran Asabar. Abincina daga alƙalami yake fitowa, domin hannuna yana da kyau, masu hali sukan ba ni littafi in kwafe musu. Magana ce dai ba ni da ita. In mutum uku suka taru, bakina ya mutu. Malaminmu yakan ce in ya yi mini tambaya sai ya matso da kunne kamar mai sauraren tafasar tukunya. Da na kai munzili Inna ta nema mini Hajara, mahaifiyarku, 'yar Bulama, wato mai garin Rijiyar Gawo, wanda aminin mahaifina ne tun suna yara. A lokacin mata suna wuce ginshiƙi ba mai ce musu kala. Aka kawo ta, muka zauna lafiya.

Akwai wata tsamiya a bayan rumfunan kanwa inda mutanenmu da suka ƙetaro suke taruwa ran Alhamis in kasuwa ta fara watsewa. Nakan zauna daga gefe ina gyaran alƙaluma ina ji. Hirarsu kullum ɗaya ce, wato wane Nasara ne ya fi dama. Mutum biyu ne suke riƙe da bakin zancen. Ɗaya Madugu Tanko, tsohon jagoran ayari mai sayar da kanwa, wanda ya yarda da Ingilishi. Ɗayan Audu Kuku, wanda ya yi wa wani Bafaranshe girki har ya gaji ya gudo, bai yarda da kowa ba.

"Kai dai faɗi tsakaninka da Allah, Audu," in ji Madugu. "Wa ya fi?"

"Bafaranshe jikinka yake so, Ingilishi aljihunka yake so. Ni kuwa aljihuna babu komai, shi ya sa ka gan ni nan."

"Ingilishi mutum ne mai tsari. Ka biya haraji, a ba ka 'yar takarda, ka cusa a hula, ka je ka yi barcinka."

"Barci? Bara awakin wa aka kwance? Ingilishi ba ya dukanka da hannunsa, iyakar bambancin ke nan. Yana zaune a inuwa zai aiko maka ɗan'uwanka da bulala. Kuma kar ka manta yanzu abokan juna ne, Jamus suke yaƙa tare. Ranar da wancan ya ce a mayar masa da mutanensa, igiya ɗaya za a sa mu ni da kai."

"Ni tsoho, me zai yi da ni?"

"Ka ɗauki tukunyar kumandan. Kanka ai faffaɗa ne, ko gammo ba ka bukata."

Haka suke yi har magariba. Amma da zarar wani ɗan gari ya doso, ko yaron mai unguwa, sai zancen ya koma kan tsadar gero. Ba mu taɓa sukar hukuncin Gumel da ƙarfi ba, ko da mun ga abin suka. Mun san zamanmu na alfarma ne. A lokacin kuwa samari suna ta kwararowa daga arewa, domin Bafaranshe ya matsa da ɗaukar soja, kowane bulama an yanka masa adadin da zai kawo. Duk wanda aka haifa a can, ko ya shekara nawa a nan, in ya taka ƙasar aka gane shi, nasu ne. Ni kaina tun da abin ya tsananta ban sake wuce ginshiƙi ba.

A cikin wannan hali cikin Hajara ya tsufa. Haihuwar fari ce, al'ada kuwa ta ce a gidan iyayenta za ta haihu, ta yi wankan jego, sai ta yi arba'in a dawo da ita. Audu Kuku ya zo har zaure ya ce da Inna ta bari a haihu a nan, shekarar ba ta tafiya ba ce.

"Haihuwar fari a ɗakin miji?" in ji Inna. "Ba a gidana ba. So kake a ce mun raina Bulama? Kai da ka tashi a gindin murhun Nasara, ina ka san waɗannan abubuwa?"

"Na san Nasara dai, Iya."

"To riƙe saninka. Mace ce, wane Nasara zai kula da ita?"

Ni a raina na fi yarda da Inna. Hajara ta tafi da kaka, ana yankan gero. Ta haifi namiji, yayanku ke nan. Ban je suna ba. Inna ce ta tafi da rago, ta dawo ta ce an mayar da sunan mahaifina. Ta faɗe shi a haka ne, "an mayar da Malam," domin ita ba ta kama sunan mijinta. Ni ma ba zan kama ba, ta fuska biyu: sunan ubana ne, kuma ɗan fari ne. Yanzu abin ya yi sauƙi, na ga wasunku suna ɗaukar 'ya'yansu na fari a kafaɗa suna yawo da su. A zamaninmu uba ba ya ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ba ya kiran sunansa, ba ya cewa nasa ne. Uwar ta fi tsanani. In tana ba shi nono wani babba ya shigo, sai ta cire shi ta ajiye kamar ɗan maƙwabta. Wadda ta fi nuna ko-in-kula ita ake yabo.

Arba'in ta wuce, ba a dawo da Hajara ba. Muka jira, shiru. Inna ta sake shiri ta tafi, ta dawo ita kaɗai. Ta sha ruwa, ta zauna a bakin ɗakinta, ta ba ni labari. Ashe ana cikin wankan jego aka zo ƙidayar mutane. Wani Bafaranshe ne da tafinta da gardi, wato ɗan sandansu, suna bi gida gida, kowa ya fito tsakar gida a gan shi. Hajara ta fito da jariri, mahaifinta yana tsaye.

"Sai tafintan nan ya dube ta ya ce, 'Ke, ɗan wa ne wannan?' Ka ji tambaya, Habu! Ubanta tsaye! Yarinyar kirki ta ajiye shi a tabarma ta juya fuska. Ya sake tambaya, ta ce ita ba nata ba ne. Ya ce ina mijinta, ta rufe fuska da zane. Shi kuwa Bulama ya ce ai na gidansa ne, su duka biyun. Me zai ce da? Wallahi na ji daɗin abin da ta yi. Tarbiyya ke nan."

"To me ya hana ta dawowa, Inna?"

"An rubuta su a gidan Bulama, ita da yaron. Wai yanzu mutanen Faransa ne."

Daga baya na fahimci dokar sosai, domin na bi na tambayi duk wanda ya sani. Wanda aka ƙirga a gari, yana wuyan bulaman garin. Ba ya tashi sai da takardar wucewa daga hannun kumandan, Bafaranshen da yake mulkin yankin. Matar aure da ɗanta kuwa ba a ba su takardar sai mijin ya zo da kansa ya tsaya a gaban kumandan ya ce nasa ne, ya nuna inda yake biyan haraji. Ba katanga ce ta tsare su ba. Daji ne buɗe, mace da goyo za ta iya fitowa da hantsi ta yi la'asar a Maigatari. Abin da zai biyo baya shi ne maganar. An samu garuruwa da yawa da suka watse suka ƙetaro, don haka Bafaranshe ya ɗora laifin kowane kai da ya ɓace a kan bulama, balle a ce daga cikin gidansa ne.

Ran Alhamis aka baje maganata a gindin tsamiya, ina zaune kamar ba ni ake yi wa ba. Madugu ya ce abu mai sauƙi ne, jakunansa suna zuwa ɗaukar kanwa, sai a sa ta cikin matan ayari, wa zai ƙirga goyo.

"Sannan a zo a sake ƙirga gidan Bulama," in ji Audu. "Ka taɓa ganin yadda ake yi? Ni na gani, ina riƙe da faranti. A cire wa dattijo rawani, a zaunar da shi a rana a tsakiyar bariki, mutanensa suna wucewa suna kallo. A kore shanunsa. In yana da saurayi a gida a tafi da shi soja a madadin wanda ya ɓace. Bulama yana da saurayi ko ba shi da?"

Yana da, ƙanen Hajara, shi kaɗai ne namiji.

"To ya je da kansa mana," wani ya ce.

"Ya je?" in ji Audu. "Dubi tsagen fuskarsa. Makaho ma ya shafa ya san ɗan Rijiyar Gawo ne. In za ka je, Malam, ka ce nan ƙasar Ingilishi, a Gagarawa aka haife ka, ka tsaya a kai ko za a yanka ka."

Ana cikin haka Bulama ya aiko da saƙo ta bakin wani mai jaki. Ya ce a gaya mini in turo a ɗauki iyalina ta daji, kar in kuskura in zo, shi ya san yadda zai yi da Nasara. Na san bai san yadda zai yi ba. Inna kuma ta kawo tata shawarar, ta ce a bar su can har yaƙi ya ƙare, dama ɗan fari na kakanni ne. Amma ba wanda ya san ranar ƙarewar yaƙin, kuma yaron da ya girma a rubuce a can, ranar da ya yi gemu za a zo nemansa.

Na koma Gumel na kasa karatu. Abin da na iya shi na yi, na buɗe littattafai. Na bi babin aure da na nasaba da na suna a duk littafin da ke ɗakin malaminmu, ina neman inda aka hana uba ya ambaci ɗansa na fari. Ban samu ba. Abin da na samu shi ne ɗa na ubansa ne, kuma mutum ya ce ɗansa ba nasa ba ne magana ce mai nauyi ƙwarai. Na kai wa malam damuwata, ya matso da kunne kamar yadda ya saba. Da na gama ya ce:

"Kunya abu ne mai kyau, Abubakar, ban hana ka ba. Amma mutumin nan 'yarsa ya ba ka. In aka zaunar da shi a rana saboda kai, wace kunyar ce ta rage maka?"

Na je wajen mai unguwa na karɓi shaidar harajina. Ya miƙo mini yana girgiza kai, ya ce takardar nan a nan take da ƙarfi, in na wuce ginshiƙi ta zama ganye. Ya ƙara da cewa in an riƙe ni kar in ce shi ya aike ni. Inna ta yi faɗa, ta yi kuka, da ta ga ba zan fasa ba sai ta ɗaura zane ta ce tare za mu, ai dole a samu wanda zai rako yarinyar in ni ban dawo ba.

Muka sauka a Rijiyar Gawo. Na gaida Bulama daga bakin zaure, a durƙushe, kaina a ƙasa. Ya ce, "Na ce kar ka zo." Na ce, "Na ji, Baba." Washegari muka ɗunguma zuwa bariki, shi a kan doki, mata a kan jakuna, ni a ƙasa. Ban kalli abin da ke bayan Hajara ba, ko da yake ina jin motsinsa.

Barikin gini ne na ƙasa mai baranda, da tuta, da fili a gaba cike da masu jiran hukunci da masu neman takarda. Muka zauna har rana ta take. Da aka kira Bulama muka shiga barandar mu duka. Kumandan saurayi ne, bai fi ni da yawa ba, ramamme, idanunsa sun yi rawaya kamar mai fama da zazzaɓi. Tafintan kuwa Bahaushe ne mai jar dara, dattijo. Bulama ya yi bayani, tafinta ya juya. Kumandan ya dube ni ya yi magana.

"Ya ce matar nan taka ce?" in ji tafinta.

Na ce eh da kai.

"Da baki ake yi. Yaron fa, ɗan wa ne?"

Surukina yana dama da ni, mahaifiyata tana hagu, mutanen fili sun matso suna kallo. Na ce, "Na gidanmu ne."

"Gida ba ya haihuwa, Malam. An yi wannan wasan sau ɗaya, shi ya kawo ku nan." Sai ya rage murya. "Na san abin da ke damunka, ni ma ina da na fari, har yau ban taɓa kiran sunansa ba. Amma mutumin nan bai san wannan ba. Na taɓa gwada yi masa bayani, ya ce duk wanda ya ƙi faɗin sunan yaro sato shi ya yi. Abin da kunnensa ya ji shi zai rubuta."

Bulama ya yunƙura zai fita don ya sauƙaƙa mini. Kumandan ya daka tsawa, gardi ya tare hanya. Tafinta ya ce Bulama ne shaida, dole ya tsaya. Sai surukina ya juya mana baya, ya ja amawalin rawaninsa ya rufe fuska har ido, ya tsaya yana kallon bango.

Na ce, "Ɗana ne."

"Bai ji ba. Ni ma da ƙyar na ji."

Ban taɓa ɗaga murya a gaban mutane ba tun da nake. Na cika ƙirjina da iska na ce, "Ɗana ne, ni na haife shi. Sunansa Idrisu."

Har bayan fili an ji. Inna ta ce, "Innalillahi!" Hajara ta dunƙule wuri ɗaya ta ja zane ta rufe kanta gaba ɗaya. Wata tsohuwa daga cikin masu jira ta ce, "Na farin ne kuwa? Kai, duniya ta zo ƙarshe." Wasu samari suka ƙyalƙyale da dariya. Kumandan bai san me ake yi ba, ya duba hagu ya duba dama, ya tsoma alƙalami ya rubuta. Na miƙa shaidar harajina, ya juya ta gaba da baya, ya ajiye. Sannan ya sake magana.

"Ya ce kai a ina aka haife ka?"

Maganar Audu Kuku ta faɗo mini. Gagarawa tana kan harshena. Amma an ce Bulama shaida ne, in na faɗa za a juya a tambaye shi. Ko ya yi ƙarya saboda ni, ko ya ƙaryata ni a gaban jama'a, kuma in ƙaryar ta fito daga baya shi za a zaunar a rana, abin da na zo hanawa ke nan. Na ce a Rijiyar Gawo. Tafinta ya dube ni ɗan lokaci kafin ya juya maganar, kamar yana ba ni damar in gyara. Ban gyara ba.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. An cire Hajara da yaron daga gidan Bulama, an ba su takardar wucewa da hatimi. Ni kuwa an ce ɗan ƙasa ne da ya gudu, akwai hakkin hukuma a kaina. Aka kai ni wajen likitan soja, ya sa na tuɓe riga, ya ƙwanƙwasa ƙirjina, ya duba haƙorana, ya ɗaga hannuna ya sake shi ya faɗi. Ya yi tsaki ya ce wani abu. Gardin da ya kai ni ya ce wai bindiga ta fi ni nauyi. Ramar karatu ce ta cece ni daga soja. Aka sa ni cikin masu aikin dole. Da aka fito da ni na hango jakuna biyu sun kama hanyar kudu, Inna a gaba, Hajara a baya. Bulama yana tsaye riƙe da linzamin dokinsa. Ya matso bai kalle ni ba, ya cire bargon da ke kan sirdinsa ya ajiye a ƙasa kusa da ƙafata, ya hau ya tafi.

Rani guda na yi. Ba zan tsawaita a kansa ba, domin wasu sun yi wanda ya fi shi, wasu ba su dawo ba. Muna sare giginya muna fasa azara, mu ɗauko a ka zuwa inda ake sabon gini, in babu azara mu fasa dutse na hanya. Abinci gero ne jiƙaƙƙe, wani lokaci da ɗan gishiri. Abin da ya ba ni mamaki shi ne hirar da ake yi in an huta. Da suka ji daga Maigatari nake sai suka kewaye ni. A wajensu ƙasar Ingilishi aljanna ce, wai ba a haraji, ba a duka, Nasaran can ma gaishe ka yake yi. Na ce musu ana haraji, ana kwance awaki, kuma mu da muka ƙetara a ɗarare muke zaune. Ba su yarda ba. Wani ya ce in haka ne me ya sa ba a ganin masu gudowa daga can zuwa nan. Na ce ga ni. Suka yi dariya suka ce ni ai mahaukaci ne.

A wajen sauke azara ne guda ta suɓuce wa na gabana ta danne mini hannun dama. Yatsu biyu suka karye. Wani Bamange a cikinmu ya ɗaure su da kara, suka warke a sandare, yadda kuke ganinsu. Da ruwa ya sauka aka sallame mu, domin hukuma tana son a noma mata gero. Tafintan nan ya gane ni, shi ya karɓo mini takardar wucewa ba tare da na roƙa ba. Ya ce in na sake haihuwa in yi a gida.

Hannun bai sake riƙe alƙalami yadda ya saba ba. Ina rubutu, amma ba wanda zai biya ya saya. Kwafar littattafai ta ƙare, zuwa Gumel ma ya ƙare, domin dole in nemi abin da za a ci. Madugu Tanko ya ba ni wuri a rumfarsa, na koyi awon kanwa, da safe kuma ina koya wa yaran unguwa karatu. Abin da ya sa ban zama malamin da ake zato zan zama ba ke nan. Bulama ya riƙe garinsa har ya rasu da rawaninsa a ka, kawunku kuma ba a taɓa shi ba, jikokinsa ne kuke zuwa wa biki. Har ya bar duniya bai taɓa tayar da maganar barandar nan ba, ni ma haka. A gindin tsamiya kuwa an shekara ana gardama a kaina. Madugu ya ce na nuna Bafaranshe ma yana bin doka in an bi da shi ta hanya. Audu ya ce in ɗaga hannuna kowa ya ga dokar.

Ranar da na dawo da hantsi na shigo gida. Inna tana tsinke zogale a inuwa, Hajara tana gaban murhu. Ta ɗago ta gan ni, ta sunkuyar da kai ta ce, "Sannu da zuwa, Malam," ta tashi ɗebo ruwa. Tana ba da baya sai ga yaro ya fito daga ɗaki da rarrafe, ya miƙe sai wajen wuta. Inna tana cewa, "Kai, wannan! Kai, mai sunan Malam!" Ni kuwa ban san lokacin da na ce, "Idrisu!" ba. Yaron ko waiwaye bai yi ba, domin bai saba jin sunan ba. Na tsallaka na sure shi da hannun hagu, ya dube ni ya fashe da kuka.

"Habu!" in ji Inna. "Nan ba bariki ba ne. Ajiye shi."

Na ce, "Inna, rani guda na yi ina ɗaukar azara saboda sunan nan. Ki bar ni in riƙa faɗinsa."

Ta dubi yatsuna, ta daɗe tana dubansu. Sannan ta mayar da kanta kan zogalenta.

"To ka riƙa rage murya," ta ce. "Sunan ubanka ne."